FILIN MATA: Roƙon Ruwa Da Aikin Mai Mulki



Wata yarinya 'yar makarantar sakandare ta aiko mini da takarda makon jiya tana tambaya. Ta ce malaminsu ya karanta musu cewa tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 10, ya hana Gwamnatin Tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini ta ce shi ne addinin gwamnati. To, in haka ne, in ji ta, don me in damina ta yi tsaiko sai a ji Gwamna ko Sarki ya sa an yi shela a fita roƙon ruwa, ga manyan ma'aikata a sahun gaba?

Madalla da wannan tambaya, 'yata. Malaminku ya faɗi gaskiya, haka dokar ta ce. Amma akwai sashe na 38, wanda ya ba kowa ikon yin addininsa, ko shi kaɗai ko cikin jama'a. Gwamna kuwa mutum ne, ranar da ya shiga ofis bai tuɓe addininsa ya bari a bakin ƙofa kamar takalmi ba. In Musulmi sun fita filin Idi, maƙwabtanmu Kirista su kan taru a coci su yi nasu roƙon. Ni dai ban ga aibu a nan ba, muddin ba a tilasta wa kowa bin abin da ba nasa ba.

Abin da ya dame ni daban ne, bari in ba ku labari tukuna.

A shekara ta 18 bayan Hijira, zamanin Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, aka yi wani mugun fari a ƙasar Hijaz. Ƙasa ta bushe har iska tana tashi da ƙura kamar toka, saboda haka ake kiranta Shekarar Toka. Mutanen ƙauye suka kwararo Madina da yunwa. Sayyidina Umaru ya fita da jama'a roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas, baffan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'a. Wannan shi ne abin da aka fi ba mu labari. Amma ku ji sauran. Ya rubuta wa gwamnoninsa na larduna su aiko da abinci, Abu Ubaida ya zo daga Sham da ayarin raƙuma niƙi-niƙi da kaya. Ya sa aka ɗora manyan tukwane ana dafawa ana rabawa, shi da kansa yana zagawa yana dubawa. Ya ɗage karɓar zakka a wannan shekara. Sa'an nan ya rantse ba zai ɗanɗana man shanu ba sai talakawa sun samu, ya zauna kan gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sāke. Kun ji mai mulki ke nan. Mu da muke tsaye kan murhu mun san abin da ake nufi da maigida ya ce shi ma ba zai ci ba sai yara sun ci.

Kada ku ce wannan sai mutanen da. Tsofaffinmu suna tuna farin 1973, lokacin da dabbobi suka yi ta mutuwa tun daga Nijar har ƙasar Hausa ta Nijeriya. A cikin waɗannan shekaru ne Audu Bako, Gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, yake gina madatsun ruwa, aka gama ta Tiga a 1974. Tumatir da shinkafar da ake nomawa da rani a Kadawa da Kura, da ruwan Tiga ake yi.

To, ku zo unguwarmu ku gani. Famfon burtsatsenmu ya lalace tun kafin azumi, mun aika an faɗa wa wakilinmu ya fi sau a ƙirga, kullum sai gobe. Kuɗin cefane rabi yana tafiya wajen 'yan garuwa, 'yan mata kuma su kan makara zuwa makaranta don suna layin rijiya. Ranar roƙon ruwa sai ga shi ya zo cikin shadda sai ƙyalli take, alhali kuwa ko yaro ya san da tsofaffin tufafi ake fita wannan salla, cikin ƙasƙantar da kai. Malamai sun ce kafin a fita ana son mutane su tuba, su yi sadaka, su mayar wa masu haƙƙi haƙƙinsu. Shin gyaran famfon nan haƙƙin wane ne? Ban ce addu'arsa ba ta karɓu ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Amma ya riƙe Alƙur'ani ya yi rantsuwa ranar da ya kama aiki, muna gani, wannan kuwa tsakaninsa da mu ne.

Da can mu matan Arewa sai dai mu yi gunaguni a tsakar gida, domin ba mu sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan haka. Yanzu kuwa muna da kati. In lokacin zaɓe ya zo, suka shigo da atamfa da sabulu, suka buɗe taro da doguwar addu'a, mu shafa tare da su, mu ce amin. In an shafa, sai wata dattijuwa ta tashi cikin ladabi ta tambayi ranar da za a gyara famfo, wata mai ilmi kuma ta rubuta amsar a takarda ta adana.

Ke kuma 'yata, ki gai da malaminku, ki roƙe shi ya buɗe muku sashe na 14, inda aka ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne babban aikin gwamnati. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar yadda ake tafasa ruwan rijiya a tace shi kafin a ba jariri.

Taku,
Uwargida