Kafin Ka Ce "Na Saya"

Ranar Asabar ɗan kawuna na Yakasai, wanda ya gama sakandare bana, ya ja ni ganin wata Corolla 2005 da yake son saye da kuɗin gadonsa. Fenti sai ƙyalli yake, dillali na ta zuba: "Lafiyarta lau, wata hajiya ce ke hawa."

Na leƙa mita: 180,000. Daga Amurka motar ta zo, lissafinta da mil ne, wato kusan kilomita 290,000. Yawan tafiya kaɗai ba ya kashe mota, kuma mitar ma ana juya ta. Yadda aka kula da injin shi ne magana.

Muka kira makanikenmu, ba na dillali ba. Ya taɓa injin ya ji zafi, ya ce sai ya huce, don mai sanyi ba ya ɓoye ciwo. Da aka tayar, shuɗin hayaƙi ya fito ta salansa: tana shan baƙin mai. Ya zaro sandar auna mai, sai ga shi kamar shayi da madara, alamar ruwa na shiga. Muka haƙura, don gyaran da kayan Ƙofar Ruwa za su cinye ragowar gadon.

In taku ta zo, ku gwada lambar shasi da ta takardun kwastam, a zaga da motar a ji giya da birki. Lasisi kuwa sai an cika shekara 18.

Sai mako na gaba.