Lafiya Uwar Jiki: In Magana Ta Ƙwace Wa Mutum

Makon jiya na je dubiya wani gida kusa da kasuwar Wunti, nan birnin Bauchi. Maigidan tela ne, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ƙafa ta soma takawa, hannu ya soma motsi, amma baki ya ƙi. Yana duban ɗansa ya san shi sarai, sunan ne ba ya zuwa. Da aka ɗauko masa Fatiha kuwa sai ya kai ta ƙarshe ba tuntuɓe. Mutanen gida suka ce ai wannan shaida ce iska ta taɓa shi.

To, ba iska ba ce. Likitoci na kiran wannan ciwo afeshiya, watau ɓacewar magana saboda rauni a ƙwaƙwalwa. Tun 1861 wani likita Bafaranshe, Paul Broca, ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci wanda ba ya iya furta kome sai "tan", ya tarar da raunin a gefen hagu. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya gano wani wurin dabam, wanda in ya taɓu mutum zai yi ta zuba zance ba kan gado. Abin da aka haddace tun ƙuruciya yakan tsira, shi ya sa Fatihar tela ba ta ɓace ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku da ɓarin jikinsu ya shanye sukan gamu da wannan, haka ma wanda ya faɗo daga acaɓa ba hular kwano.

Maganin farko shi ne gaggawa. In gudan jini ne ya toshe jijiya, akwai allurar da ke narkar da shi, amma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, kuma cikin sa'a huɗu da rabi. Saboda haka wanda bakinsa ya karkace ko maganarsa ta sarƙe, a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da shi nan take, kada a tsaya jiran gari ya waye.

Sa'an nan sai koyon magana. Wannan aikin gwanaye ne, waɗanda hukumar masu gyaran gaɓoɓi da aka kafa a 1988 take yi wa rajista. Ba su da yawa a ƙasar nan, kuma a ganina mun fi kula da gashin ƙafa fiye da gyaran harshe. Wani bincike da aka buga daga Jamus a 2017 ya nuna horon sa'a 10 a mako, har mako 3, ya amfani waɗanda suka daɗe da ciwon. Ashe ba a cewa lokaci ya wuce. Har ila yau akwai dabarar da aka fito da ita a Boston ta Amurka a 1973, inda ake rera kalma kamar waƙa kafin a furta ta. Waƙa ta taimaki 'yar majalisar Amurka Gabrielle Giffords bayan an harbe ta a ka a 2011.

Amma mafi yawan aikin a gida yake, kuma da harshen da mutum ya saba. A yi masa magana gajera, a ba shi lokaci, kada a riƙa ƙarasa masa zance. Kada a ɗaga murya, ba kurma ba ne, hankalinsa kuma yana nan. Na roƙi uwargidan tela ta riƙa ajiye masa almakashi da zare da allura a gabansa kowace safiya, ta faɗi sunan kowanne, shi kuma ya bi ta.