Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Jason Smith Kan Rangwamen Harajin Jihohi Da Ƙananan Hukumomi

Zuwa ga Mai Girma Jason Smith,
Shugaban Kwamitin Haraji da Kuɗaɗen Shiga,
Majalisar Wakilan Amurka, Washington.



Mai wannan wasiƙa yana son jan hankalin Shugaban Kwamiti kan wani sashe na babbar dokar haraji da kasafi da Shugaban Ƙasa Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025. Sashen shi ne wanda ya ɗaga iyakar rangwamen harajin jihohi da ƙananan hukumomi, wanda Amurkawa ke taƙaita sunansa da SALT, daga dala 10,000 zuwa dala 40,000. An cimma wannan adadi ne ta hanyar sulhu da gumi, kuma an sa masa wa'adi: a 2030 iyakar za ta koma dala 10,000. Ke nan rigimar tana nan daram, kwana kawai aka ƙara mata.

Tunda wasiƙar buɗaɗɗiya ce, ya kamata a fayyace maganar saboda mai karatu na Kano ko Maraɗi. Ma'aikacin Najeriya ya saba jiharsa ce ke karɓar harajin albashinsa, shi ke nan. Na Amurka kuwa hannu biyu ko uku ne ke shiga aljihunsa: gwamnatin tarayya ta ɗauki nata, jiha ta ɗauki nata, ƙaramar hukuma ta aiko da takardar harajin gida. Da harajin gidan nan ake biyan malaman makaranta da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Rangwamen da ake magana a kai ya ba mutum damar cire abin da ya biya jiha da ƙaramar hukuma daga kuɗin shigarsa, kafin tarayya ta lissafa nata kason.

Wannan rangwame tsohuwar al'ada ce. Tana cikin dokar 1913 da ta kafa harajin kuɗin shiga na tarayya. Gwamnatin Ronald Reagan ta nemi soke ta gaba ɗaya a 1985, gwamnan New York na lokacin, Mario Cuomo, ya tashi haiƙan ya yaƙi shirin, daga ƙarshe dokar 1986 ta tsaya ga cire harajin sayayya kaɗai daga rangwamen. Haka aka yi ta tafiya ba tare da wani adadi da aka ƙayyade ba, har Disambar 2017, lokacin da jam'iyyar Republican ta sa iyakar dala 10,000 don cike wani ɓangare na giɓin da rage harajin kamfanoni da na jama'a ya haifar. Shugaban Kwamiti ba ya buƙatar a tuna masa yadda ƙuri'ar ta kasance: 'yan jam'iyyarsa 12 suka ƙi amincewa a Majalisar Wakilai, 11 daga cikinsu daga New York, New Jersey da Kalifoniya.

Jihohin da abin ya shafa ba su zauna ba. A Yulin 2018 New York, New Jersey, Connecticut da Maryland suka kai gwamnatin tarayya ƙara, suna cewa an yi dokar ne don a matsa musu su rage haraji. Kotun tarayya ta kori ƙarar a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron shari'ar a 2022. Wasu jihohin sun gwada dabarar mayar da haraji ya zama gudummawar sadaka ga asusun gwamnati, hukumar haraji ta IRS ta toshe wannan ƙofa a 2019. A Nuwambar 2021 'yan Democrat suka ɗaga iyakar zuwa dala 80,000 a Majalisar Wakilai, ƙudirin ya mutu a Majalisar Dattawa. Shi kansa Trump, wanda ya sa hannu kan iyakar tun farko, ya yi alkawarin dawo da rangwamen a Satumbar 2024, ana gab da taron yaƙin neman zaɓensa a Long Island ta jihar New York.

Kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba.

Mazaɓar Shugaban Kwamiti a kudu maso gabashin Missouri yanki ne na karkara, inda gidaje ke da araha, harajin jiha kuma bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Manomin can yana da damar tambaya: don me baitulmalin tarayya zai sauƙaƙa wa mai katafaren gida a Westchester ta jihar New York nauyin harajin da zaɓaɓɓun wakilansa suka ɗora masa? Alƙaluma ma suna bayansa. Cibiyar nazarin haraji ta Tax Policy Center ta ƙiyasta cewa da za a cire iyakar baki ɗaya, fiye da rabin amfanin zai tafi ga kashi 1 cikin 100 na masu kuɗin shiga mafi yawa. Wannan ya sa ake samun masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin kare talaka a layi ɗaya kan wannan batu, abin da ba kasafai ake gani a Washington ba.

Mutumin New Jersey shi ma yana da abin faɗa. A 2024 matsakaicin harajin gida a jiharsa ya haura dala 10,000, wato harajin gida kaɗai ya cinye tsohuwar iyakar kafin a zo kan harajin albashi. Zai kuma tuna wa majalisa abin da marigayi Sanata Daniel Patrick Moynihan ya yi shekaru yana nunawa a rahotanninsa na shekara-shekara: New York ta daɗe tana aika wa Washington fiye da abin da ke dawo mata. A ganinsa, kuɗin da jiha ta riga ta karɓa da ƙarfin doka ba kuɗin shigarsa ba ne da za a sake sa wa haraji.

Mai wannan wasiƙa yana ganin sa iyaka daidai ne. Rangwame marar iyaka kyauta ce mafi tsoka ga wanda ya fi kowa samu. Damuwarsa ita ce yadda aka tsara iyakar, domin idan aka bi lissafin dalla-dalla za a ga ba ta faɗa wa kowa daidai ba.

A ɗauki misalin ma'aurata biyu a New Jersey, malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya, masu samun dala 170,000 a shekara. A ce harajin gidansu dala 12,000 ne, na jiha dala 7,000, kuɗin ruwan bashin gida kuma dala 16,000. A ƙarƙashin tsohuwar iyaka abin da za su iya cirewa dala 26,000 ne, wanda bai kai rangwamen bai-ɗaya na dala 31,500 da dokar ta ba ma'aurata a 2025 ba, don haka na bai-ɗayan za su ɗauka. Da sabuwar iyaka lissafinsu ya kai dala 35,000. Bambancin dala 3,500 ne, a matakin haraji na kashi 22, wato sun tsira da dala 770. A koma kan maƙwabtansu masu samun dala 480,000, waɗanda harajin jiha da na gida ya haura musu dala 40,000, kuma dama can suna lissafa abubuwan cirewarsu ɗaya bayan ɗaya. Su ƙarin dala 30,000 suka samu a matakin kashi 32, wato dala 9,600. An tallata sulhun da sunan malamai da 'yan sanda, amma ga inda kitsen ya sauka.

Akwai kuma waɗanda maganar ba ta taɓa su ko kaɗan. Tun da dokar 2017 ta kusan ninka rangwamen bai-ɗaya, masu lissafa abubuwan cirewa suka ragu daga kusan kashi 30 cikin 100 na masu biyan haraji zuwa kusan kashi 10. Direban tasi ɗan Afirka ta Yamma da ke haya a Bronx yana biyan harajin jiha da na birnin New York, yana kuma biyan harajin gida a fakaice ta cikin kuɗin haya, amma ko iyakar ta kai dala 100,000 babu sisin da zai ƙaru a aljihunsa.

Aibi mafi girma shi ne ƙofar bayan da aka bar wa masu kamfanoni. Connecticut ce ta fara buɗe ta a 2018, IRS ta amince da ita a Nuwambar 2020, yanzu jihohi fiye da 30 suna da irin wannan tsari. Yadda abin yake: kamfanin haɗin gwiwa, kamar ofishin lauyoyi ko na akantoci, shi ne zai biya harajin jiha a madadin masu shi, ya rubuta kuɗin a matsayin kashe-kashen kasuwanci wanda babu iyaka a kansa, jiha kuma ta yafe wa masu kamfanin daidai abin da aka biya. Sakamakon haka, lauyan da ke da hannun jari a ofishinsu yana cire harajin jiharsa kusan duka, likitan da ke karɓar albashi daidai da nasa a asibiti kuwa iyakar ta tare shi. Abin ya yi kama da mai karɓar kuɗin shiga kasuwa da ke tsare masu kaya a ka a bakin ƙofa, alhali motocin kaya suna shiga ta baya. Ƙudirin da Majalisar Wakilai ta amince da shi a watan Mayun 2025 ya nemi rage wannan dama, daftarin Majalisar Dattawa ma ya taɓa ta, amma dokar da ta fito a ƙarshe ta bar ta yadda take.

Na biyu shi ne tarar aure. A lissafin 2025, mutum biyu da ba su yi aure ba, kowanne yana da iyakar dala 40,000, jimla dala 80,000. Ranar da aka ɗaura musu aure suka shigar da takardar haraji ɗaya, iyakar ta zama dala 40,000 ga su biyun. Idan sun raba takarda, kowa dala 20,000. Wannan aibi yana nan tun 2017, aka sake kwafo shi a 2025. Jam'iyyar da ke yawan maganar kare iyali ta ga wannan sau biyu ta wuce.

Na uku shi ne gangaren da aka gina tsakanin dala 500,000 da 600,000. A lissafin 2025, daga dala 500,000, kowace dala ɗaya da mutum ya ƙara samu tana rage masa senti 30 daga iyakar, har ta sauko dala 10,000 a daidai dala 600,000. Ga wanda ke matakin kashi 35, ainihin harajin da ke hawa kan ƙarin kuɗinsa a wannan tsakanin yana kaiwa kashi 45.5, sama da kashi 37 da attajirin da ya fi shi nesa ba kusa ba yake biya a matakin ƙarshe. Ba wanda zai zubar da hawaye saboda mai samun rabin miliyan, amma doka irin wannan aikin yi take samar wa akantoci: a jinkirta karɓar kuɗi, a karkatar da shi, a tsallake gangaren.

Shugaban Kwamiti ya san yadda aka zo ga dala 40,000. Kwamitinsa dala 30,000 ya fara gabatarwa. Mike Lawler da Nick LaLota na New York, da Young Kim ta Kalifoniya da abokansu, suka ce ba su yarda ba, kuma a majalisar da ƙudirin ya tsallake da ƙuri'a 215 da 214 ranar 22 ga Mayu, 2025, mutum biyu ko uku sun isa su tsayar da komai. A Majalisar Dattawa, inda Republican ba ta da sanata ko ɗaya daga New York, New Jersey ko Kalifoniya, daftarin farko ya koma dala 10,000. Wa'adin shekara biyar shi ne aka biya don a rage tsadar dokar a takarda. Ma'aurata da ke shirin cin bashin gida na shekara 30 kuwa ba su san da wace iyaka za su yi lissafi daga 2030 ba, haka ma majalisun ƙananan hukumomin da ke tsara kasafin makarantu.

Don haka roƙon mai wasiƙa guda huɗu ne. Kwamitin ya tsayar da iyaka ta dindindin, wadda za ta riƙa tafiya da hauhawar farashi maimakon ƙarin kashi 1 cikin 100 a shekara da aka rubuta yanzu. Ya ba ma'aurata ninki biyu na abin da ya ba mutum ɗaya, ko da hakan zai sa a rage adadin na mutum ɗayan. Ya sa harajin da kamfanonin haɗin gwiwa ke biya wa masu su a ƙarƙashin iyaka ɗaya da ta mai albashi, a yi amfani da kuɗin da za a samu wajen biyan gyaran ma'auratan. Sannan ya shimfiɗa gangaren nan ya yi tsawo, yadda harajin mai dala 550,000 a kan ƙarin kuɗinsa ba zai wuce na mai miliyan goma ba.

Duk waɗannan suna cikin hurumin kwamitin. Zai iya kiran zaman sauraron bahasi, ya gayyaci jami'an Baitulmali da na IRS, ya nemi Kwamitin Haɗin Gwiwa kan Haraji ya fitar da lissafin abin da ƙofar bayan nan ke ci wa tarayya a kowace shekara, da kuma rukunin mutanen da ke amfana da ita. Mai wasiƙa yana fatan a fara wannan aiki kafin guguwar zaɓen 2028 ta taso, domin idan aka bari sai ƙarshen 2029, 'yan majalisa ƙalilan masu riƙe da ƙuri'ar raba gardama ne za su sake yanke adadin cikin dare.

Allah ya taimaki Shugaban Kwamiti.

Daga wani marubuci mai bibiyar harkokin haraji da kasafin kuɗi.