Gem Ɗin Da Ba A Gama Ba, Ba Gem Ba Ne

A cikin laftof ɗin 'yan sashen kwamfuta akwai maƙabarta guda: gem-gem ɗin da aka fara da zumuɗi, aka binne bayan mako uku. In ka tambaya, sai a ce maka wuta ce, ko data, ko jarrabawa. Duk gaskiya ne. Amma ni a ganina babban abin da ke kashe su shi ne haɗama. Ɗalibi ɗaya, yau ya sauke Unity ko Godot, gobe yana son ya yi irin GTA, wanda ɗaruruwan ma'aikata suka yi shekaru a kai. Ai wanda ya haɗiye taɓarya, kwanan tsaye ya kama shi.

Ka rage buri, ɗan'uwa. Duk wanda ya tashi a Gumel ko Sule Tankarkar ya ga dattawa na buga dara a gindin bishiya: gidaje 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗan abokin wasanka. Dokokin nan a kanka suke, ba ka buƙatar mai zane ko mai kiɗa. Wannan aikin zango ɗaya ne, kuma zai hau ƙaramar waya.

Sannan ka yanka wa kanka rana. Kasuwar Maigatari Alhamis take ci, ko ka shirya ko ba ka shirya ba, shi ya sa mai dabba ba ya cewa sai ransa ya so. Kai ma kowace Alhamis ka miƙa wa abokin ɗakinka waya ya buga abin da ka yi, ko da yana maƙalewa. Kunyar zuwa hannu rabbana za ta tashe ka ranar da zuciya ta mutu.

Kuma za ta mutu, domin ƙarshen aiki ba daɗi: gyaran kurakurai, maɓallin farawa, sauti. Eric Barone ya yi fiye da shekara 4 shi kaɗai a kan Stardew Valley kafin ya fitar da shi a 2016. Ba kullum ne yake jin shauƙi ba, zama ya yi ya gama.

Ranar difens, ko ranar neman aiki, ba wanda zai saurari labarin gem ɗin da ka so ka yi. Cewa za a yi: buɗe mu gani. Ka tabbata kana da abin buɗewa.