Daga Duwatsun Ushafa Zuwa Kilimanjaro: Sannu Ba Ta Hana Zuwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Dutsen Alhaji zuwa Bwari ranar Asabar da sassafe, da wuya ya rasa ganin samari da 'yan mata, kowa da gorar ruwa a hannu da jaka a baya, sun nufi duwatsun da suka kewaye garin Ushafa. A da, abin da aka san garin da shi shi ne ginin tukwane na matan Gbagyi, wanda har ya jawo shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara a watan Agusta na 2000, sai kuma madatsar ruwa ta Usuma wadda Abuja ke sha daga gare ta. To, a 'yan shekarun nan ma'aikatan birni sun mai da duwatsun wurin motsa jiki, har ma an fara samun waɗanda burinsu ya zarce nan, suna tara kuɗi domin su je Tanzaniya su hau Kilimanjaro, dutsen da ya fi kowane tsawo a Afirka, mai mita 5,895.

Wannan buri abin yabo ne. Amma akwai wani abu guda da Ushafa ba za ta iya koya wa mai hawa ba, ko da ya shekara yana hawa yana sauka, kuma rashin saninsa ya sha halaka mutane masu ƙarfi.

Abin kuwa shi ne ciwon tudu, watau rashin lafiyar da ke kama mutum idan ya yi nisa sama da doron teku cikin gaggawa. Iskar da ake shaƙa a ko'ina kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, a Legas ko a kan Everest, amma gwargwadon yadda aka yi sama, gwargwadon yadda nauyin iskar ke raguwa, sai abin da kowane numfashi ke kai wa jini ya yi kaɗan. A wajen mita 5,500 mutum yana samun rabin abin da zai samu a bakin teku, a ƙolin Everest kuwa, mai mita 8,849, wajen sulusi ne. Wani masani Bafaranshe, Paul Bert, shi ne ya tabbatar da haka tun a 1878.

Likitoci sun nuna cewa galibi ciwon yana farawa ne daga mita 2,500 zuwa sama. A nan ne mai karatu zai ga inda gizo ke saƙa. Duwatsun Ushafa ba su kai rabin wannan tsawo ba. Duwatsun Shere da ke kusa da Jos mita 1,829 ne. Chappal Waddi na Jihar Taraba, a kan iyakar Kamaru, wanda babu tudun da ya kai shi a ƙasar nan, mita 2,419 ne. Ashe ke nan ɗan Nijeriya yana iya gama duwatsun ƙasarsa kaf ba tare da ya taɓa sanin yadda jikinsa zai yi a inda iska ta yi ƙaranci ba.

Bugu da ƙari, ƙarfin jiki ba ya tsare mutum daga wannan ciwo. Sau da yawa ma saurayi mai jini a jika shi ya fi shiga hatsari, domin ƙafarsa tana kai shi sama da sauri fiye da yadda jininsa zai iya sabawa, alhali dattijon da ke tafe a hankali a bayansa yana isa lafiya. Jiki yana bukatar kwanaki kafin ya saba: numfashi ya ƙaru, ƙoda ta daidaita jini ta hanyar yawan fitsari, sa'an nan bayan makonni jajayen ƙwayoyin jini su yawaita. Ba a sayen wannan da kuɗi, ba a kuma samunsa da taurin kai.

Alamun farko su ne ciwon kai, da tashin zuciya, da ƙin abinci, da jiri, da kasala, kuma sukan bayyana sa'o'i shida zuwa goma sha biyu bayan an isa sabon masauki. Mutumin ƙasar nan da ya ji haka, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne zazzaɓin cizon sauro, sai ya haɗiyi magani ya ci gaba da hawa. Wannan babban kuskure ne. Ƙa'idar da masu hawa suka yarda da ita ita ce, duk rashin lafiyar da ta sami mutum a tudu a ɗauke ta ciwon tudu ce har sai an tabbatar da akasin haka. Wanda ya ji alamun nan tilas ya tsaya inda yake, kada ya kwana a wurin da ya fi nan tsawo sai sun wuce. In suka ƙaru, sai sauka, kuma saukar mita 300 zuwa 1,000 takan kawo sauƙi.

Idan aka yi biris da su, ciwon yana iya rikiɗa zuwa ɗayan abu biyu masu kisa. Na farko ruwa ya taru a huhu, mutum ya riƙa haki ko yana zaune, ga tari mai kumfa, leɓɓansa su sauya launi. Na biyu ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, maganarsa ta rikice, ya kasa tafiya a kan miƙaƙƙen layi. Wanda ya kai wannan hali ba ya sanin halin da yake ciki, yakan ma yi gardama cewa lafiyarsa lau, saboda haka abokan tafiya ne za su yanke masa shawara, su saukar da shi nan take ko da tsakar dare ne, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai. A watan Mayu na 2024 wani ma'aikacin banki ɗan Kenya, Cheruiyot Kirui, gwanin hawa wanda ya daɗe yana shiri, ya yi niyyar kai wa ƙolin Everest ba tare da tulun oksijin ba, aka tsinci gawarsa 'yar tazara kaɗan daga ƙolin. In tudu bai raga wa irin wannan ba, ina ga ɗan koyo?

Har wa yau akwai wata magana da ta shafi mutanen ƙasar nan musamman, watau cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da jinin AS, da yawa kuma ba su sani ba domin ba ya damunsu. Amma a tudu mai nisa, inda oksijin ya yi ƙaranci ga kuma wahala da ƙishirwa, jinin yana iya toshe saifa, mutum ya ji matsanancin ciwo a gefen hagu na cikinsa. Mai SS kuwa wannan tafiya ba tasa ba ce. Lalle ne duk mai niyya ya gwada jininsa, ya kuma ga likita, balle mai ciwon zuciya ko na huhu. Likitan ne zai duba ko ya dace a ba shi maganin acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, mai taimakon jiki ya saba da wuri. Maganin yana sa yawan fitsari da tsiyayar yatsu, kuma ba ya zama izinin yin gaggawa.

To, mene ne amfanin Ushafa ke nan? Amfaninta babba ne. Daren da za a kai ƙolin Kilimanjaro akan tashi ne wajen tsakar dare, a hau fiye da mita 1,000 cikin sanyin da ruwa ke daskarewa, a juyo a yi ta sauka, wani lokaci sa'o'i goma sha biyu ko fiye mutum yana kan ƙafarsa. Ƙafar da za ta jure wannan a irin duwatsun Ushafa ake gina ta. Mai shiri ya ɗauki wata uku ko huɗu, ya fara da sa'a biyu har ya kai sa'a biyar ko shida, da jaka mai nauyi a baya, ya riƙa haɗa Asabar da Lahadi domin jiki ya san tashi da gajiyar jiya. Ya koyi sauka, domin ita ke cin gwiwa. Ya sa takalmin da zai tafi da shi tun yanzu har ya saba da ƙafa. Ya fita bayan sallar asuba kafin rana ta take, ya kiyayi santsin dutse da damina, kada kuma ya tafi shi kaɗai. Ladabi ne a nemi ɗan gari ya yi jagora, a kauce wa gonakin mutane, a kwaso shara, tun da ruwan da ke gangarowa daga irin waɗannan duwatsu shi ke komawa madatsar da birni ke sha.

Sauran shirin kuwa sai a can. Dokar Tanzaniya ba ta yarda a hau Kilimanjaro ba tare da jagora mai lasisi ba, kuma kamfanoni suna sayar da tafiyar kwana biyar ta hanyar Marangu, da ta kwana bakwai ko takwas ta hanyar Machame ko Lemosho. Ta kwana biyar ta fi sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado, domin kwanakin da aka rage su ne waɗanda jiki zai saba a cikinsu. Shawarar likitoci ita ce, bayan an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda, a kuma huta yini ɗaya bayan kowane kwana uku ko huɗu. Hanyoyin dutsen ba sa cika wannan ƙa'ida daidai, shi ya sa kowane kwana da aka ƙara yake da daraja. Jagororin wurin suna da kalmar da ba sa gajiya da faɗa da harshen Suwahili, "pole pole", watau sannu sannu.

Abin da ya fi wuya shi ne juyawa. Mutum ya kashe kuɗin da ya shekara yana tarawa, ya sanar da dangi da abokan aiki, ga ƙoli yana hange, sai kunyar komawa babu hoto ta hana shi faɗa wa jagora gaskiyar abin da yake ji. Ya kamata tun daga Ushafa ya koya wa zuciyarsa cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Dutsen yana nan baɗi, iyali kuma mutum suke jira a gida. Allah ya sa masu niyya su hau lafiya, su sauko lafiya, amin.