Ajiya Maganin Wata Rana

Yau ina so mu tattauna a kan takardunmu, watau inda mu ke ajiye su, da abin da kan biyo baya ran da aka neme su aka rasa.

Kowace mace ta san maɓoyar takardun ɗakinta. Wata ƙarƙashin katifa, wata cikin kwalla a bayan jere, wata kuwa can ƙasan adaka tare da zannuwan da ba a ɗaurawa sai da salla. A nan za ki sami takardar haihuwar yara, da katin rigakafi, da katin awo, da satifiket na firamare, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da takardar gonar da aka ci gado, da ɗan littafin adashi. Duk kuwa mun san abokan gabar takarda: gara, da ɓera, da yoyon ɗaki da damina, da gobarar hunturu. Iyayenmu a ƙasar Bebeji har yanzu su na ba da labarin watan Agusta na 1988, sa'ad da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle. A Satumba na 2024 madatsar Alau ta yi wa Maiduguri irin wannan ɓarna, kuma a Maris na 2016 wuta ta cinye babban sashe na kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wanda ya ke gudun ceton rai ba ya tsayawa neman satifiket. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Mu mata kuma mu na da wata matsala ta daban wadda maza ba su da ita, domin mace ba ta zama wuri ɗaya. An haife ta a Kiru, ta yi makaranta a Bebeji, aure ya kai ta Tudun Wada ko Riruwai. Ran da aka ɗauki amarya kowa na lissafin gado da katifa da kwanuka, ba mai tuna satifiket. Sai ya zauna a ɗakin uba ko hannun wa, har shekara goma ta wuce, ran nan a ce ana ɗaukar ma'aikatan asibiti ko malaman makaranta, a kawo takardu cikin kwana uku. A aika gida, a ce ai tun gyaran ɗakin bara ba a sake ganinsa ba. Haka nan in Allah ya kawo rabuwar aure, wata kan fita da mayafinta kaɗai, takardun 'ya'yanta na can gidan da ba ta da ikon komawa. In kuwa mutuwa ce, ranar rabon gado a ke gane darajar 'yar takardar da aka rubuta ran da aka sayi fili, domin shaidu kan mutu, wasu kuma kan manta da gangan.

Ga shi kuwa zamani ya zo da yawan tambayar takarda. Tun 2014 bankuna suka shigo da lambar BVN. Tun ƙarshen 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layin waya da lambar zama ɗan ƙasa, watau NIN, kuma tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa yarinya rajista sai da wannan lamba mai alƙaluma 11. Hukumar WAEC kuwa ba ta sake buga satifiket ɗin da ya ɓace, sai dai ta ba da takardar shaida, ko kuma a biya kuɗi a sauko da na intanet, wanda ta fara bayarwa a 2022 ga waɗanda suka yi jarrabawa daga 1999 zuwa yau. Mu malamai mu na ganin abin da ke faruwa kowace shekara lokacin rajista. Yarinya mai ƙoƙari, ta ci jarrabawa, amma ta rasa shekara guda cur saboda wata 'yar takarda. Kun kuwa san abin da shekara guda a gida kan jawo wa budurwa a ƙauyukanmu, sau da yawa daga nan karatun ya ƙare ke nan.

Wata za ta ce, "Ai ni na ɗauki hoton takarduna duka, su na cikin wayata." Madalla, kin yi rabin aiki. Amma waya ita ma kaya ce, ta kan faɗa rijiya, ta kan mutu, yaro kan jefa ta cikin ruwan wanki, ga kuma masu ƙwace da suka addabi mutane a birni. Wata kuma ta tura wa ƙawarta ta WhatsApp ta ce ta ajiye mata. WhatsApp hanyar aika saƙo ce, in aka canja waya ba tare da an yi tanadi ba, abin da ke ciki kan tafi, kuma ita ƙawar ba ta ɗauki alkawarin riƙe wayarta har abada ba.

Abin da na ke ba mu shawara a kai shi ne rumbun intanet. Turawa na kiransa girgije, amma kada sunan ya ruɗe ku, ba abin da ke rataye a sama. Manyan kwamfutoci ne a cikin manyan gine-gine na kamfanoni, ana gadinsu dare da rana, kuma kowace ajiya su kan yi mata kwafi fiye da ɗaya. Kamfanin Google na ba duk mai adireshin Gmail wuri kyauta har gigabait 15 a rumbunsa mai suna Google Drive, ko da ya ke wasiƙu da hotuna ma daga cikin wannan wuri su ke ci. Microsoft na ba da gigabait 5 a OneDrive, Apple na ba da 5 a iCloud, Dropbox kuwa 2. Hoton takarda guda, in ba a cika masa girma ba, bai fi megabait ɗaya ko biyu ba, gigabait guda kuwa megabait dubu ne. Ashe ke nan takardun zuriyarku duka ba za su cika ko kusurwar rumbun ba.

Yadda abin ke aiki kuwa shi ne, rumbun ɗaya ne, ƙofofinsa ne da yawa. Wayarki ƙofa ce, kwamfutar makaranta ƙofa ce, wayar ɗanki da ke karatu a Zariya ita ma ƙofa ce in kin ba shi izini. Abin da kika zuba ta ƙofa ɗaya za a gan shi ta sauran, abin da kika gyara a nan zai gyaru a can da zarar wayar ta sami sabis. Mu ɗauki misalin matan Tudun Wada masu turara shinkafa. Mace ta ba da buhu biyar bashi, ta rubuta a littafinta na cikin rumbu, 'yarta da ke taya ta lissafi ta buɗe ta wata wayar, sai ta ga an ƙara buhu biyar, ba sai an aiko yaro da takarda ba. Wayar ta ɓace a kasuwa, a sayi wata, a sa adireshi da kalmar sirri, littafi ya dawo yadda ya ke, ba wanda zai ce ai buhu uku ne. Addininmu ma ya hore mu da rubuta bashi, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan haka ta sauka.

To, ga yadda za ki fara. Ki buɗe adireshin Gmail da sunanki, da lambar wayarki ta kanki. Ki shimfiɗa takarda a wuri mai haske, da rana, ki ɗauke ta sosai yadda kowane harafi da hatimi za su fito, in akwai rubutu a baya ki juya ki ɗauka. A cikin Google Drive akwai wurin ɗaukar takarda wanda ke daidaita gefunanta. Sa'an nan ki yi wa kowane mutum na gidan jakarsa, ki sa wa kowace takarda suna da shekara, kamar "haihuwar Auta 2019" ko "takardar gonar fadama 2015". Kada ki raina wannan sa suna. Rumbun da aka zuba gero da dawa da masara a haɗe, ran da a ke sauri ba ya da amfani.

Amma fa tilas in faɗa muku inda haɗarin ya ke, don kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Na farko, tun da rumbun ɗaya ne, abin da aka goge ta ƙofa ɗaya ya gogu a ko'ina. In kin miƙa wa yaro waya ya yi wasa ya share jaka, ta tafi daga kwamfuta ma. Sa'ar da a ke da ita ita ce Google Drive kan riƙe abin da aka share a kwandon shara har kwana 30, in kin farga kafin nan sai ki maido da shi. Na biyu, kalmar sirri. Yawancinmu mai shagon waya ne ya buɗe mana adireshi ran da muka sayi waya, shi ya zaɓi kalmar, mu ko tambaya ba mu yi ba. Wannan daidai ya ke da ki sa kafinta ya kafa miki kwado ya tafi da mabuɗi. Ki canja ta yau, kuma kada ki sa sunan ɗanki ko shekarar haihuwarki, waɗanda kowa a unguwa ya sani. In kin buɗe rumbunki a kwamfutar shagon rajista, kada ki tashi sai kin fita daga ciki kin ga ya rufu da idonki. Duk wanda ya bugo waya ya ce daga banki ya ke, ki karanto masa lambar da aka turo miki, ɓarawo ne, ki kashe wayarki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na uku, ki riƙe layinki da kyau, domin ta nan za a turo miki lamba ran da kika manta kalmar sirri, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuwa kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. Na huɗu, tun Disamba na 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa ya na iya rufe adireshin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, saboda haka ki riƙa leƙawa, ko da salla salla ne. Na biyar kuwa ku na ke wa magana, 'yammata. Rumbun nan na takardu ne. Hoton da ba za ki so mahaifinki ya gani ba, kada ma ki ɗauke shi, balle ki ajiye.

Na san akwai masu cewa wannan duk zancen 'yan birni ne, mu ina muka ga kuɗin data, ina kuma sabis a ƙauyukan da ke bakin dajin Falgore ko cikin duwatsun Riruwai? Gaskiya ne sabis na wahala a wurare da dama. Amma zuba takarda ba aikin kullum ba ne. Ki ɗauki hotunan a gida, ran da kika fito unguwa ko asibiti inda sabis ke da ƙarfi sai ki tura su. Waɗanda ki ke yawan bukata kuma akwai yadda a ke yi musu alama su zauna cikin wayar, su buɗu ko babu sabis. Kuɗin datar da za ki kashe kuwa, ki gwada shi da kuɗin motar zuwa Kano da dawowa, da na rantsuwa a kotu, da kwanakin da za ki yi ki na bin ofis ofis neman madadin takarda guda.

Wadda ba ta da babbar waya, ko ba ta yi boko ba, ita ma ba a bar ta a baya ba. 'Yarki da ke sakandare ta iya, amfanin sa ta makaranta ke nan. Amma a buɗe da sunan uwar da lambar uwar, domin ita ma 'yar gobe gidan wani za ta. Game da maigida kuma, ban ce ki yi abu a ɓoye ba. Ki gaya masa, ki nuna masa, ki ce ya kawo nasa takardun a sa, domin shi ma riba ce gare shi. Abin da na ke cewa shi ne mabuɗin takardunki ya zauna a hannunki, kamar yadda sadakinki da gadonki su ke naki a shari'a. Sa'an nan ki rubuta kalmar sirrin a takarda, ki liƙe, ki ba mutum ɗaya da kika amince da shi, saboda rai ba a bakin kome ya ke ba, kada marayu su tsaya a ƙofar rumbu babu mabuɗi.

Kada kuma wata ta ji wannan bayani ta yi wa takardun asali riƙon sakainar kashi. Hoto ba ya zama asali. Kotu da makaranta da wurin ɗaukar aiki za su ce ki kawo ta ainihi su gani. Amfanin kwafin shi ne ya riƙe miki lamba da kwanan wata da sunan ofishin da ya bayar, waɗanda da su a ke neman madadi cikin sauƙi, ya kuma ba ki abin turawa nan take in an ce a turo ta intanet. Saboda haka wuri uku na ke so kowace takarda ta zauna: ta asali cikin leda a akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa, fotokofi a gidan iyaye ko wata 'yar'uwa a wani gari, hoto kuma a rumbun intanet. Da wuya masifa ɗaya ta haɗa ukun nan ta cinye.

Daga ƙarshe ina roƙon shugabannin makarantun 'yammata na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kada yarinya ta gama aji shida ba a zaunar da ita an nuna mata wannan ba, darasin awa guda ne. Malaman Islamiyyar matan aure su ma su ba da rana ɗaya, kowace ta zo da ledar takardunta a taimaka mata. Ke kuma 'yar'uwa mai karatu, kada ki ce sai an kwana biyu. Yau in kin sauke tukunya, tun da sauran hasken rana, ki ɗaga katifar nan ki ga abin da gara ta bar miki, ki fara da takardun haihuwar yara.

Allah ya tsare mu da asara, ya raya mana zuriya, ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin. Sai mun sadu a mako mai zuwa.