Motar Asibiti da Kuɗin Mai

Dattawa ba su manta da ran 9 ga watan Mayu 2001 ba, ran da aka yi turmutsitsi a filin ƙwallo na Ankara wajen wasan Hearts da Kotoko. Mutum 126 suka rasu, cikinsu da yaranmu na zango da yawa, Allah ya jiƙansu. A tasi da bayan akori-kura aka kwashi waɗansu zuwa asibiti. Wannan masifa ita ta sa Gwamnati ta kafa ma'aikatar motocin ɗaukar marasa lafiya a 2004.

Shekara 16 ma'aikatar nan tana aiki ba ta da dokar kanta. Sai a 2020 Majalisa ta yi mata doka, watau Doka ta 1041, aka ba ta hukumar da za ta riƙa kula da ita. A watan Janairu na 2020 kuma aka raba sababbin motoci 307, kowace mazaɓa cikin 275 na lokacin ta sami tata. Mun gode, aiki ya yi kyau.

To, amma mota ba ta tafiya da takardar doka. In haɗari ya auku a hanya aka kira 112, ɗauka kyauta ce. In kuwa likita ya ce a ɗauke majiyyaci daga ƙaramin asibiti zuwa Korle Bu ko Komfo Anokye, sau da yawa sai an ce wa dangi su kawo kuɗin mai. Mai haihuwa tana zubar da jini, mijinta kuwa yana bin ƙofofin maƙwabta da tsakar dare neman rance! Nawa ne aka kafa musu faifai a masallaci bayan sallar asuba, kafin kuɗin su cika sai labari ya zo a shirya likkafani? Ba mu ga laifin direba ba, shi ma tankin da aka ba shi ke nan.

Ga abin da muke roƙo. Kowa cikinmu yana biyan harajin inshorar lafiya, kashi 2.5 cikin ɗari, duk sa'ad da ya sayi kayan da harajin ya hau, ko ya sani ko bai sani ba. Majalisa ta yanke wani rabo sananne daga kuɗin nan, ta rubuta shi cikin doka, don mai da taya da gyaran motocin nan, yadda ba za a sāke tambayar mai naƙuda ko sidi ɗaya ba. Abin da aka bari ga alherin kasafin kowace shekara, bana a samu, baɗi a rasa.

Sarakunan zango da limamai su haɗu su rubuta wa wakilanmu na Majalisa takarda ɗaya, kowa ya sa hannu. Iyaye kuma a hana yara buga 112 don wasa. Masu kafa rumfar ciniki a bakin lungu su ja baya kaɗan, don motar ta sami wurin shiga.